Gano Musabbabin Gurɓacewar Sauti da Baƙuwar Ƙara a Rediyon Mota

Daga cikin koke-koken da masu motoci suka fi kaiwa wurin masu rewaya akwai na sauti: murya ta dishe, kiɗa yana ɓaɓɓakewa da zarar an ƙara masa ƙarfi, ko kuma wata tsuwa ta shigo cikin labarai tana hawa tana sauka tare da kukan inji. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a ɗora wa lasifika laifi, a cire ta a sayo sabuwa, sai kuma bayan 'yan makonni matsalar ta dawo kamar ba a yi komai ba. Dalili kuwa shi ne lasifika tana ƙarshen jerin kayayyakin da sauti ke ratsawa, don haka matsayinta na mai shela ne, wanda yake faɗin abin da aka ba shi, mai daɗi ne ko marar daɗi. Sau da yawa ɓarnar tana faruwa tun kafin saƙon ya iso gare ta, kuma idan ma ita ce ta lalace, to akwai abin da ya lalata ta, wanda zai sake lalata wadda aka sayo matuƙar ba a gano shi ba.

Yadda sauti ke tafiya a cikin mota

Tun daga shekarar 1930, lokacin da kamfanin Paul Galvin na Amurka ya fara sayar da rediyon mota mai suna Motorola, tsarin sautin mota bai sauya a tushensa ba, duk da cewa faifan CD ya maye gurbin kaset, shi ma daga baya filash da Bluetooth suka ture shi. Akwai tushen sauti, wato tashar rediyo ko wayar hannu ko filash. Akwai rediyon da ke gaban mota, wanda ke karɓar saƙon ya mai da shi siginar lantarki mai rauni. Akwai amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa siginar ƙarfi, ko dai ƙarama a cikin rediyon ko babba a ƙarƙashin kujera ko a but. Sannan akwai wayoyi da lasifikoki. Duk waɗannan suna shan wuta daga batir mai bolt 12 da kuma altaneta, wato injin da ke cajin batir yayin da mota ke aiki, kuma wutar tana komawa batir ne ta ƙarfen jikin motar, ba ta wata waya ta daban ba. Wannan batu na ƙarshe shi ne tushen mafi yawan ƙarar da ke damun masu motoci, kamar yadda za a gani a gaba.

Ita lasifika, siffar da ake amfani da ita a yau ta samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric, wanda suka bayyana a 1925. Tana da maganaɗisu a baya, da siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe ana kiranta kwayil, wadda ke zaune a cikin wani ɗan siririn rami na maganaɗisun ba tare da ta taɓa gefensa ba, sai kuma faifan takarda ko roba mai siffar mazurari da ke manne da kwayil ɗin, wanda aka kewaye bakinsa da soso ko roba mai laushi. Idan sigina ta ratsa kwayil, sai maganaɗisu ya riƙa tura shi gaba yana jawo shi baya, faifan ya bi shi yana kaɗa iska, kunne kuma ya ji wannan kaɗawar a matsayin sauti. Yawan kaɗawa a daƙiƙa guda ana auna shi da hats, kuma kunnen matashi mai lafiya yana jin daga kusan hats 20 zuwa 20,000. Kauraran muryoyi, waɗanda ake kira bes, suna bukatar babban faifai da doguwar tafiya, shi ya sa ake ba wa wufa, wato babbar lasifika, aikinsu, siraran muryoyi kuwa aikin tuwita ne, ƙaramar lasifikar da ba ta jure wahala.

Tambayar farko

Kafin a kwance ko da sukuru ɗaya, wajibi ne a tantance irin matsalar, domin iri biyu ce, kuma hanyoyin maganinsu ba su haɗu ba. Gurɓacewa ita ce sautin da ake so ya fito a karkace: tana zuwa tare da kiɗa ko magana, tana tsananta idan an ƙara murya, tana kuma ɓacewa idan an tsayar da kiɗan. Baƙuwar ƙara kuwa wani sauti ne da ba ya cikin abin da aka kunna, kamar tsuwa ko gurnani ko ƙas-ƙas, kuma ana jin ta ko da an tsayar da kiɗa an bar rediyo a kunne. Gwaji biyu masu sauƙi sukan raba gardama. Na farko, a saurari rediyo inji yana kashe, sannan a tayar da mota a sake saurare: abin da ya bayyana bayan an tayar da inji kawai, daga wutar mota yake. Na biyu, a yi amfani da maɓallan da ke karkatar da sauti hagu ko dama, gaba ko baya, a saurari kowace lasifika ita kaɗai: matsalar da ke wuri ɗaya ta lasifikar ce ko wayarta, wadda ke ko'ina kuwa daga sama ta gangaro.

Gurɓacewar da ƙarfi ke jawowa

Kowace amfilifaya tana da iyakar da ba za ta iya wucewa ba, domin ba za ta fitar da siginar da ta zarce abin da wutar da take samu ta ba ta dama ba. Idan aka matsa mata fiye da haka, sai ƙololuwar igiyar sauti, wadda ya kamata ta hau a hankali ta sauko a hankali, ta yanke ta zama shimfiɗaɗɗiya, kuma wannan yankewar ce kunne ke ji a matsayin ɓaɓɓaka da kaushin murya. Illar ba ta tsaya a kunne ba, domin yankakkiyar sigina tana ɗauke da ƙarin ƙarfi da ƙarin siraran muryoyi da babu su a asalin kiɗan, waɗanda ke ɗumama kwayil har mannin da ke riƙe da shi ya narke, kuma tuwita ce kan fara mutuwa. Ta haka ne ƙaramin rediyo da aka ƙure wa murya kan ƙona lasifikar da aka rubuta mata ƙarfin da ya ninka nasa.

Alƙaluman da ake rubutawa a kan kwalaye suna ƙara rikita mai saye. Rediyon da aka rubuta masa wat 50 sau 4 ba ya ba kowace lasifika wat 50 na dindindin. Wannan adadi ne na ƙololuwa, wanda yake kaiwa na ɗan ƙiftawar ido cikin gurɓataccen sauti, ainihin abin da yake bayarwa a tsaftace kuwa yakan tsaya tsakanin wat 15 da 22. Adadin da ya kamata a duba shi ne wanda ke ɗauke da haruffan RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta ci gaba da bayarwa ko ɗauka ba tare da ta wahala ba, kuma shi ake daidaitawa tsakanin amfilifaya da lasifika. Ya kamata kuma a san cewa ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal, wato ɗan ƙari a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar sautin ya ninka. Saboda haka ƙara bes har ƙarshe, wanda ke neman ƙarfi mai yawa, yana kai ƙaramar amfilifaya iyakarta tun murya ba ta yi nisa ba.

A motocin da aka ƙara wa amfilifaya ta daban, kuskuren da ya fi yawa yana kan wani maɓalli da ke jikinta ana kiransa gen, wanda mutane da dama suka ɗauka na ƙara murya ne suke murɗa shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke turo mata, wanda a wasu rediyoyi bolt 2 ne, a wasu kuma 4 ko 5. Hanyar saita shi da kunne ita ce a mayar da bes da sauran gyare-gyaren murya tsakiya, a rage gen har ƙasa, a kai muryar rediyo kusan kashi uku cikin huɗu, sannan a riƙa ƙara gen a hankali har a fara jin kaushi, sai a ɗan koma baya a bar shi a nan. Haka kuma yana da kyau a kunna matatar da ke tare kauraran muryoyin da ke ƙasa da kusan hats 80 daga shiga lasifikokin ƙofa, a bar wa wufa wannan nauyin.

Akwai kuma batun om, wato ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Yawancin lasifikokin mota om 4 ne, amma idan aka haɗa biyu a kan layi ɗaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, turjiyar takan sauka zuwa om 2, sai amfilifaya ta ja wuta ninki biyu, ta yi zafi, ta gurɓata sauti ko ta kashe kanta don kariya. Direbobin haya da ke ƙara lasifikoki a bayan mota daga wayoyin rediyo kai tsaye sukan faɗa cikin wannan. Ƙarancin wuta ma yana jawo irin wannan gurɓacewa: batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 inji a kashe, da 13.8 zuwa 14.4 inji a kunne, kuma idan fitilun mota suna dusashewa duk lokacin da ganga ta buga, alama ce ta cewa batir ya gaji, ko kan batir ya yi tsatsa, ko wayar wutar amfilifaya ta yi siriri. A kasuwa akwai wayoyi masu kaurin roba da ɗan ƙarfe a ciki, da kuma na alminiyam da aka shafe da tagulla, alhali alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne na wutar da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka.

Idan lasifikar ce da kanta

Lasifikar ƙofa tana rayuwa cikin wahala, musamman a ƙasashe masu zafi, domin motar da aka ajiye a rana takan yi zafin da ke busar da soson bakin faifai har ya riƙa marmashewa, ƙurar hunturu takan shiga ramin maganaɗisu, ruwan damina kuma ya bi ta gefen gilashi ya jiƙa takardar. Idan aka cire murfin ƙofa, abin da za a fara dubawa shi ne yagewa a faifai ko a kewayensa, wadda ke haifar da wani irin faf-faf idan bes ya buga. Daga nan sai a kashe rediyo, a ɗora yatsu a kewaye da tsakiyar faifan daidai wa daida, a danna a hankali: lafiyayyar lasifika takan shiga ta dawo shiru, wadda kwayil ɗinta ya ƙone ko ya karkace kuwa takan yi ƙarar gogayya kamar akwai yashi a ciki, ko ma ta ƙi motsi. Mitar auna wuta tana tabbatar da abin da yatsu suka ji, domin lasifika mai om 4 da aka cire wa wayoyi takan nuna tsakanin 3 da 4, idan kuwa mita ba ta nuna komai ba to kwayil ya tsinke, idan ta nuna kusan sifili to ya narke ya haɗe.

Wani lokacin babu abin da ya lalace, sai dai sautin ya zama fanko, ba shi da nauyi, kuma bes yakan ƙaru idan aka karkatar da sauti gefe guda. Wannan alama ce ta cewa an juya wayoyin ɗaya daga cikin lasifikokin, ta yadda faifanta ke komawa baya lokacin da na 'yar'uwarta ke fitowa, sai su riƙa soke aikin juna. Ana gane daidai da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5: idan aka taɓa wayoyin lasifika da shi na ɗan lokaci faifan ya fito waje, to wayar da ke kan fozitif na batirin ita ce fozitif, sai dai ba a yi wa tuwita wannan gwaji. Yankewar sauti da ke zuwa idan an buɗe ƙofa ko an faɗa rami kuwa, galibi wayar ce ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda take lanƙwasuwa kullum. Idan irin wannan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, tana iya ƙona amfilifayar cikin rediyo, domin a rediyoyin zamani babu wayar lasifika ko ɗaya da ake haɗawa da jikin mota.

Tsuwar da ke bin inji

Altaneta tana samar da wuta mai kaiwa da komowa ne, sai wasu ƙananan na'urori da ake kira dayod, galibi guda shida, su miƙar da ita ta zama irin wadda batir ke karɓa. Miƙarwar ba ta cika sumul, akwai ɗan ragowar karkarwa a cikinta, wanda saurinsa ke ƙaruwa da gudun inji, kuma idan ya sami hanyar shiga sigina sai a ji shi a matsayin siririyar tsuwa da ke hawa idan an taka totur, ta sauka idan an ɗaga ƙafa. Hanyar da ya fi bi ita ce bambancin mahaɗa da jikin mota. Idan rediyo ya haɗu da ƙarfe a gaba, amfilifaya kuma ta haɗu da shi a but ta wurin da ke da fenti ko tsatsa, sai a sami ɗan bambancin wuta tsakanin wuraren biyu, wutar kuma ta nemi cike giɓin ta cikin wayar RCA, wato wayar da ke kai sigina daga rediyo zuwa amfilifaya, ita kuma amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi tare da kiɗan.

Binciken yana tafiya ne daki-daki. Da farko a zare wayoyin RCA daga amfilifaya a tayar da inji: idan tsuwar tana nan, to matsalar tana wajen wutar amfilifaya ko mahaɗarta da ƙarfe, idan ta ɓace to daga gaba take zuwa. Mahaɗa mai kyau takan kasance da gajeriyar waya, wadda ba ta wuce santimita 45 ba, mai kauri daidai da wayar wuta, an kankare fenti har farin ƙarfe ya fito, an kuma ɗaure ta tamau da noti a ainihin jikin mota. Idan daga gaba ne, sai a shimfiɗa wata wayar RCA ta wucin gadi a kan kujeru. In tsuwar ta tafi, to tsohuwar ta lalace ko an bi da ita kusa da wayar wuta, shi ya sa ƙa'ida ita ce wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota, ta sigina ta bi ɗaya gefen. In ba ta tafi ba, a gyara baƙar wayar rediyo da ke zuwa ƙarfe, a kuma zare eriya a gani. Idan duk wannan bai yi ba, a auna altaneta, domin dayod ɗaya da ya mutu yana ninka karkarwar, kuma mitar da aka saita a ma'aunin wuta mai kaiwa da komowa, in ta nuna fiye da rabin bolt a kan batir inji yana aiki, to altanetar ce ke bukatar gyara. 'Yar na'urar kashe tsuwa da ake sayarwa a liƙa a wayar RCA tana aiki, amma rufe matsalar take yi, kuma mai araha daga cikinta tana rage bes.

Sauran ƙararrakin ma kowace da alamarta. Ƙas-ƙas mai sauri da ke bin gudun inji a motar fetur daga fulogi ne ko wayoyinsa, kuma an fi jin sa a tashoshin AM. Maganinsa fulogi mai rezista, wato mai ɗan abin rage tartsatsin da ke watsuwa a iska. Tsuwar da ke zuwa kawai idan an jona waya a caji kuma an haɗa ta da rediyo ta igiya, bambancin mahaɗa ne tsakanin caja da rediyo, ana kuma gane ta da zare cajar. Dit-dit ɗin da ake ji gab da shigowar kira kuwa siginar GSM ce, wadda ke fita a guntu-guntu kusan sau 217 a daƙiƙa, kuma nisanta waya daga rediyo ya wadatar. Shuu mai ɗorewa ko da inji a kashe yawanci gen ne ya yi yawa.

Tushen sauti da kwaramniyar jikin mota

Babu kayan sautin da za su gyara abin da aka ɗauka a gurɓace. Karatu ko wa'azin da aka naɗa da waya a gaban lasifikar taro, da waƙar da aka matse ta aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, suna zuwa da kaushinsu, don haka ake gwada mota da sautin da aka tabbatar da tsaftarsa, a kuma gwada tushe fiye da ɗaya. Motocin hannu na biyu, waɗanda ake kira Kwatano, da aka shigo da su daga Amurka suna da wata matsala ta daban: rediyonsu na FM yana tsayawa ne a lambobi masu ƙarewa da mara, kamar 99.3 da 99.5, na AM kuma yana tsallen kilohats 10 maimakon 9 da ake amfani da shi a Afirka, saboda haka tashar da ba ta faɗo daidai kan waɗannan lambobi ba, za ta fito da shuu da kaushi komai kyawun lasifika. A ƙarshe akwai kwaramniyar da ba ta da alaƙa da lantarki, wadda murfin ƙofa da ya saki, ko lambar mota, ko kwalba a aljihun ƙofa ke yi idan bes ya girgiza su. Dafa wurin da hannu yayin da kiɗa ke tafiya yana nuna mai laifin, ɗan soso ko ɗaure sukuru kuma ya kashe maganar.

Kiyaye mota da kunne

Kafin a taɓa kowace wayar wuta ana cire kan batir na nigetif, tare da sanin cewa wasu rediyoyin asali sukan nemi lambar sirri bayan an mayar da shi. Wayar da ke kai wuta daga batir zuwa amfilifaya dole ta kasance da fis kusa da batir, domin idan ta goge ta taɓa ƙarfe babu fis, gobara ce za ta tashi, kuma maye gurbin fis da ya ƙone da guntun waya ganganci ne. Soket masu launin rawaya da ke ƙarƙashin kujeru da wajen sitiyari na jakar iska ne, ba a sa musu mita ko batir. Shi ma kunne yana da iyaka, domin a wuraren aiki ana ɗaukar desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin mizanin da wuce shi ke cutar da ji, kuma direban da ke wuni a mota da murya a ƙure yana iya zarce wannan. Mai motar da ya iya gaya wa mai rewaya ko ƙarar tana bin totur, ko tana gefe ɗaya, ko sai an ƙara murya take zuwa, ya riga ya yi rabin binciken, kuma kuɗinsa zai tafi kan abin da ya lalace ne kawai.